Goyon Shekara Takwas

Da na gaya wa Inna a waya cewa zan yi kwana uku a cikin jirgin ruwa don in je ganin biri, sai ta yi shiru har na ɗauka layi ne ya yanke. Can ta ce, "Biri? Duk waɗanda ke yi mana ɓarnar masara a gona ba su ishe ki kallo ba?" Na ce, "Inna, wannan wani iri ne daban." Ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Ki riƙe addu'a, kuma kada ki kuskura ki matsa kusa da shi."

Lokacin ina shekara ta biyu a Bogor, garin yawan ruwan sama da ke kudu da Jakarta a ƙasar Indonesiya, ina karatun digiri na biyu a kan noman kwakwar manja. 'Yata kuwa tana Zariya a hannun Inna. Wata huɗu da yaye ta na taho. Dole in faɗi wannan tun farko, domin da idon uwar da ta baro 'yarta a gida na kalli duk abin da na kalla a dajin nan.

Ƙawata ce ta ja ni. Ajinmu ɗaya, gidan hayarmu ɗaya, kuma 'yar Pangkalan Bun ce, wani gari a lardin Kalimantan ta Tsakiya, a ɓangaren Indonesiya na tsibirin Borneo. Na girme ta da shekara biyar, saboda haka ba ta kama sunana, sai dai ta ce "Kak", daidai da Yaya a wurinmu. Da hutu ya zo ta ce, "Kak, kin shekara kina auna ganyen kwakwa kina lissafin taki. Zo mu je gida ki ga abin da ke wurin kafin a dasa kwakwar."

Birin da na sani tun ina yarinya iri biyu ne. Akwai jan biri mai shiga gona, wanda ake sa yara su kore shi da jifa. Akwai kuma wanda masu wasa ke jawowa da sarƙa a ƙugu, an sa masa 'yar riga, ana kaɗa masa ganga yana tsalle, mu kuma muna biye da su har bakin unguwa. Mukan ce biri ya yi kama da mutum idan magana ta fara kama hanyar gaskiya, amma ban taɓa tsayawa na auna irin kamar ba. Mutanen can kuwa tun a suna suka yanke hukunci. A harshensu orang mutum ne, hutan kuma daji. Ni kaina a kasuwar Bogor orang Najeriya ake ce mini. Orangutan ke nan, mutumin daji.

Daga Jakarta zuwa Pangkalan Bun bai kai awa ɗaya da rabi ba a jirgin sama. Da muka ƙetare teku muka fara sauka, na leƙa taga ina neman dajin da aka ba ni labari. Abin da na gani kore ne har iyakar ganin ido, amma kore ne da aka tsaga layi-layi kamar kan da aka gama yi wa kitso. Ba sai an gaya mini ba, wannan ita ce bishiyar da nake karatu a kanta.

Mun kwana gidan iyayen ƙawata, da safe muka kama hanyar Kumai, tafiyar kusan rabin awa a mota. Gari ne na bakin kogi, na Musulmi masu jiragen ruwa da masunta. Abin da ya fara ɗaukar hankalina dogayen gine-ginen siminti ne marasa taga, sai 'yan ramuka a sama, ga lasifika na ta kukan tsuntsaye. Ashe gidajen tsattsewa ne. Tsuntsayen su shiga su gina sheƙa da yawunsu, masu gidan su ɓamɓare ta su sayar wa masu kaiwa ƙasar Sin, inda ake miya da ita da tsada.

Jirginmu na katako ne mai hawa biyu, suna ce masa klotok, sunan da ya samo daga ƙarar injinsa. A ƙasa ake girki, a sama muke zama, da dare a shimfiɗa katifa a rataya gidan sauro. Mutum huɗu ne ma'aikatansa: dattijon da ke tuƙi wanda kowa ke ce wa Pak, matar da ke girki muna ce mata Ibu, yaron jirgi, da wani saurayi jagora da ya tashi a wani ƙauye na bakin kogin. Muka bi kogin Kumai mai faɗi, sannan muka karya muka shiga kogin Sekonyer. Daga nan gandun dajin Tanjung Puting yana hannunmu na dama, fiye da murabba'in kilomita 4,000. Hannun hagu ba gandu ba ne, kuma idan aka wuce siririn dajin da ke bakin ruwa, gonakin kwakwa ne a baya. Ruwan kogin launin kunu, jagora ya ce masu haƙar zinariya ne a can sama suke dama shi.

Wajen ƙarfe uku muka tsaya a Tanjung Harapan, muka taka cikin daji kamar minti ashirin. Zafi ne mai laima, irin wanda ke manna wa mutum hijabi a wuya. Muka iso wani fili da aka kafa dandamalin katako, an ja igiya tsakaninsa da bencinan baƙi. Ma'aikatan gandu suka juye kwandon ayaba a kai, suka ɗaga murya suna wani irin kira mai tsawo, sannan kowa ya yi tsit.

Bishiyoyi ne suka fara sanar da mu. Can nesa sai kan wata ya lanƙwasa, ya miƙe, na kusa da ita ya karɓa. Orangutan ba ya tsalle kamar birin gida. Nauyinsa yake sa wa bishiya har ta sunkuya ta kai shi ga ta gaba, ya miƙa hannu ya kama, sannan ya saki ta baya, a natse, kamar wanda ba a taɓa kora ba. Da ya fito fili sai na ji na riƙe hannun ƙawata. Namiji ne babba, kumatunsa sun baje gefe da gefe kamar faifai, ga wata jaka na reto a maƙogwaro, gashin hannuwansa na zuba kamar tsumman riga. Irinsa kan kai kilo 80 ko fiye, kuma idan ya buɗe hannuwa daga yatsa zuwa yatsa ya wuce mita 2. Na duba bayansa da kyau, babu wutsiya ko alamarta. Ya zauna ya ba mu baya, yana ɓare ayaba da leɓe. Da ya ɗaga hannu na ga farce ne irin namu a yatsunsa, da zane a tafin hannu. A ƙarƙashin dandamalin aladun daji na tsintar ɓawo.

Da yamma muka ɗaure jirgi a bakin ruwa. Bishiyoyin gaɓa sun cika da wasu birai masu dogon hanci da ƙaton tumbi da ake kira bekantan, waɗanda babu su ko'ina sai Borneo. Muka yi magariba a bayan Pak, muna fuskantar yamma, domin daga can alƙibla tana mafaɗar rana ne. Da duhu ya yi, maƙesu suka lulluɓe wata bishiya suna ƙyalli kamar an watsa mata garwashi. A nan Pak ya ce, ƙawata tana fassara mini inda na kasa kamawa, wai kakanninsu sun ce mutumin daji ya iya magana sarai, shiru ya zaɓa don kada a ji shi a sa shi aiki. Daga baya na gano maganar tsohuwa ce ƙwarai, domin wani likitan Holan mai suna Jacobus Bontius da ya zauna a tsibirin Jawa ya ji ta a bakin mutanen ƙasar ya rubuta ta kusan shekara 400 da suka wuce. Pak bai yi dariya ba da yake faɗa. Ya ce shi dai ya shekara talatin a kogin nan, kuma bai taɓa jin daɗin kallon ƙwayar idonsu na tsawon lokaci ba, sai ya ji kamar ya shiga gidan mutum ba sallama.

Washegari bayan mun tsaya a Pondok Tanggui, jirgi ya karya dama ya shiga wani siririn reshe, nan take ruwa ya sauya. Baƙi ne wuluk kamar shayin da ba a sa wa madara ba, kuma fes, har bishiyoyi na ganin kansu a ciki. Dalili shi ne ƙasar wurin. Suna ce mata gambut: ganye da itace ne da suka yi dubban shekaru suna taruwa a cikin fadama ba su gama ruɓewa ba, wani wurin zurfinsu ya kai mita da yawa, su ke rina ruwan. Yaron jirgi ya nuna mana kada kwance a kan gungume. Ƙarshen wannan reshen ne Camp Leakey.

A 1971 wata mace 'yar shekara 25 mai suna Biruté Galdikas, wadda ta tashi a Kanada, ta iso nan a kwalekwale tare da mijinta na lokacin, Rod Brindamour. Ta sa wa sansanin sunan malaminta Louis Leakey, masanin nan na Kenya da ya tura Jane Goodall wurin birai chimpanzi a Tanzaniya, ya tura Dian Fossey wurin gorila. Lokacin masana da yawa na ganin ba za a iya nazarin orangutan ba, tunda shi kaɗai yake yawo, can ƙololuwar bishiya, a kan fadamar da ke cike da matsattsaku. Ita kuwa ta shiga ruwa har ƙugu tana bin su kwana da kwanaki tana rubuta abin da suke ci da inda suke kwana. Ba ta daɗe ba aka fara kawo mata marayun da aka ƙwato daga gidajen mutane, ta zama mai bincike kuma mai raino. Waɗanda ke zuwa cin ayaba a yau yawancinsu waɗannan marayun ne da 'ya'yansu da jikokinsu. Idan daji ya yi 'ya'ya, in ji jagora, sai a yi ta kira babu mai zuwa, kuma ranar ce ma'aikata suka fi farin ciki.

Mu ranar sun zo. Amma wadda ta sa na rubuta wannan labari ba a dandamali na gan ta ba. Muna dawowa ne, hadari ya haɗu, sauran baƙi sun yi gaba, sai jagora ya ɗaga hannu muka tsaya. Tana zaune a kan reshe, bai fi tsayin rufin soro ba. Gashinta ja, kuma da hasken rana na ƙarshe ya ratsa shi sai ya koma launin manja a cikin kwalba. Na ɗan jima kafin na gane cewa dunƙulen da ke gefen cikinta ɗa ne. Ya damƙe gashinta da hannu biyu da ƙafa biyu, kansa da ɗan gashi tsaye-tsaye kamar na jaririn da ba a yi wa askin suna ba. Babu zani, babu majanyi, riƙon nan kawai.

Tana cin wani ɗan itace. Ɗan ya miƙa wuya ya kai bakinsa ga nata, ta tura masa abin da ta tauna da leɓenta. Na tuna yadda Inna ke tauna nama ta sa wa 'yata a baki kafin haƙoranta su fito. Daga nan ya cusa kai wajen hammatarta, inda nononta yake, ya kama sha, idonsa ɗaya a kanmu. Ruwa ya sauko. Ko motsi ba ta yi da sauri ba. Ta miƙa hannu ta karya wani reshe mai faɗin ganye, ta ɗora a ka, ta karkata shi ta ɓangaren da ɗan yake.

Can sama da su akwai wata matashiya ita kaɗai a cikin ruwan. Jagora, wanda ke ce mini Bu, wato Uwargida, ya rage murya ya ce, "Bu, waccan yayarsa ce. Ta kai shekara takwas. Ba ta daɗe da sauka daga goyo ba."

Na ce, "Takwas?"

Ya ce haka ne. Cikinsu wata takwas da rabi ne. Shekara biyun farko ɗan ba ya nisa da jikin uwa. Bayan nan zai fara hawa shi kaɗai, amma a sheƙa ɗaya suke kwana, kuma yakan sha nono har shekara shida, bakwai, wani ma takwas. Sai ta gama da wannan take sake haihuwa, shi ya sa tsakanin ɗa da ɗa shekara bakwai zuwa takwas ne, ratar da babu wata dabba mai shayarwa a doron ƙasa da ta kai ta. Ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara 15. Duk rayuwarta da wuya ta wuce 'ya'ya huɗu ko biyar.

Na tambaye shi me ɗan ke yi duk tsawon shekarun nan. Ya ce karatu. Abincinsu ya kai iri ɗaruruwa, kuma kowace bishiya da lokacin da take 'ya'ya da inda take. Dole ya san yadda ake buɗe durian, wani ɗan itace mai ƙaya, da ɓawon da ake ci idan daji ya yi fari, da yadda ake fasa gidan gara, da ganyen da ba a taɓawa. Dole ya iya lanƙwasa rassa ya saƙa sheƙa, domin kusan kowace yamma sabuwa suke yi, can sama. Uban ba ya nan, babu garke, babu kaka, babu gwaggo. Malamarsa ɗaya ce tak.

Muna tsaye sai ta tashi tafiya. Tsakanin bishiyarta da ta gaba akwai rata, ɗan kuma ya sauka daga jikinta yana wasa da reshe. Ta kama wannan bishiya da ƙafa, ta miƙa hannu ta jawo waccan, ta tsaya a miƙe a tsakani. Ɗan ya bi ta kan bayanta ya haye. Sai da ya kama reshe da kyau sannan ta saki. Wani baƙo da ya dawo da kyamara ya matsa kusa, ta juyo ta tsuke baki ta ja masa wani sauti, wallahi tsaki ne, irin wanda kowace Bahaushiya za ta gane. Jagora ya jawo shi baya. Kafin ta shige cikin ganye ta dube ni, ba da tsoro ba, ba da roƙo ba, kallon da mace ke yi wa baƙuwar da ta tsaya a ƙofar ɗakinta.

Masana sun ce kusan kashi 97 cikin 100 na ƙwayoyin gadonmu da nasu iri ɗaya ne, haƙoransu 32 kamar namu, kuma mura da tarin fuka na mutum na kama su, shi ya sa ake hana matsawa kusa. Ni ban je can don muhawarar asalin ɗan Adam ba, na san abin da na yi imani da shi. Abin da ya zo mini a zuciya ayar nan ce ta Suratul An'am da ke cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummomi ne kamarmu. Na haddace ta tun ina Islamiyya, amma a ƙarƙashin bishiyar nan, cikin ruwan sama, na ji nauyinta. Sai kuma na kama lissafi ba da niyya ba. 'Yata shekararta uku da rabi. Da ni ce waccan uwar, ko rabin goyo ban yi ba. Na ja hijabi na rufe fuska, ƙawata ta dafa ni ba ta ce komai ba.

A kan gadar katako mai komawa bakin jirgi jagora ya gaya mini abin da har yau ban iya mantawa ba. Yayarsa na cikin matan da ke raino a cibiyar marayun orangutan da ke Pasir Panjang, kusa da Pangkalan Bun, inda ake kula da ɗaruruwa. Ya ce, "Bu, uwar ba ta sakin ɗanta. Ko an sare bishiyar da take kai, ko wuta ta kewaye ta. Duk jaririn da kika gani a keji, ko an sa masa riga a gidan wani mai kuɗi, ko a hoto ana dariya, to sai da aka kashe uwarsa aka ɓamɓare shi daga gawarta." Ya ce matan nan kan goya su, su ba su madara cikin dare, su kai su daji kullum su koya musu hawa da saƙa sheƙa, shekara da shekaru. Amma mutum bai san dajin kamar yadda uwar ta san shi ba, kuma ba duka ke iya komawa ba.

A nan na ga inda muka rabu da su. Ni na iya tahowa karatu ne saboda akwai Inna, akwai ƙannena, akwai kishiyar Inna da ke ɗaukar 'yata kamar jikarta ta ciki. A wurinmu ɗa na kowa ne, maraya ma yana da inda zai faɗa. Shi ɗan orangutan idan harsashi ɗaya ya sami uwarsa, ya rasa nono da gado da makaranta da taswirar daji a lokaci guda. Na tuna hadisin da sahabbai suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu ta zo tana karkaɗa fikafikai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Malaman ƙasar ba su yi shiru ba. A 2014 Majalisar Malaman Indonesiya ta ba da fatawa cewa farauta da fataucin dabbobin da ke gab da ƙarewa ba bisa ƙa'ida ba haramun ne, a 2016 kuma ta haramta ƙona daji. Dokar ƙasa ma tun 1990 ta tanadi ɗauri. Duk da haka wani bincike da aka fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa tsakanin 1999 da 2015 Borneo ta rasa orangutan fiye da 100,000. A tsibirin Sumatra kimanin 14,000 suka rage, sai wani jinsi na uku a yankin Tapanuli, wanda sai a 2017 aka tabbatar daban yake, bai kai 800 ba. Waɗannan tsibirai biyu ne kaɗai gidansu a duniya.

Daren nan ban iya barci ba, na sauka wurin Ibu tana wanke tukwane. Ta zuba mini shayi mai zaƙi. Da ta ji abin da nake karantawa sai fuskarta ta washe. Mijinta mai yankan nonon kwakwa ne a gonar wani kamfani, da kuɗin nan 'ya'yanta biyu ke makaranta, da shi suka yi rufin kwano. Ita ce kuma ta ba ni labarin hayaƙin 2015. Idan za a dasa kwakwa a kan gambut sai an haƙa magudanai an tsiyaye ruwan, idan ya bushe kuwa ya zama makamashi. Wuta ta kama shi ta shige ƙarƙashin ƙasa ta yi ta ci makonni, ba a ganin harshenta, sai hayaƙi. A shekarar nan kimanin hekta miliyan 2.6 suka ƙone a ƙasar. Ta ce sama ta koma ruwan ɗorawa, an rufe makarantu, ƙaramin ɗanta ya yi ta tari har ta fid da rai. Ta ce, "Mu muna da ƙyallen rufe hanci. Su fa?" Ta nuna daji da haɓa.

Wannan bishiya tamu ce. Asalinta Afirka ta Yamma, ita ce manjan da Inna ke yi mana miyar taushe da alale da shi. A gida mukan ce wai Malesiya a wurinmu ta ɗebi iri bayan samun 'yancin kai, amma bishiyar ta riga haka isa yankin da fiye da shekara ɗari. A 1848 Turawan Holan suka dasa 'ya'ya huɗu a lambun tsirrai na Bogor, lambun da nake wucewa ta gefensa kusan kullum. A 1911 aka buɗe gonar kasuwanci ta farko a Sumatra. A farkon shekarun 1960 Najeriya ce a sahun gaba a duniya, yau Indonesiya da Malesiya ke fitar da fiye da kashi 80 cikin 100, mu kuma har shigo da shi muke yi. Yana cikin sabulu da biskit da man girki da taliyar yara.

Ba zan iya tsine wa bishiyar ba, kuma ba na yarda da masu cewa a daina amfani da manja kwata-kwata. Hekta ɗaya ta kwakwa na ba da mai ninki da yawa fiye da ta waken soya ko gyada, idan aka guje ta sai an share ƙasa mafi faɗi a wani wurin. Kusan kashi 40 cikin 100 na gonakin kwakwar Indonesiya na ƙananan manoma ne, irin mahaifin ƙawata da hekta biyunsa. Mai cewa su bari sai ya faɗa wa Ibu abin da 'ya'yanta za su ci. Abin da ba zan taɓa karewa ba shi ne sare tsohon daji da tsiyaye gambut alhali ga ƙasar da aka riga aka lalata tana zaune, ga tsofaffin gonakin talakawa da za su ba da amfani mai yawa idan aka ba su iri mai kyau da taki. Gwamnatin ƙasar ta dakatar da ba da sabon izini a irin waɗannan dazuzzuka a 2011, ta mayar da dakatarwar ta dindindin a 2019, kuma saran ya ragu, amma uwar da ke haihuwa sau ɗaya a shekara takwas ba ta iya cike giɓin da aka yi a damina ɗaya. Mu ma da ke shirin faɗaɗa gonakin kwakwa a gida muna da namu: gorila a dazuzzukan Kuros Riba, chimpanzi a gandun Gashaka Gumti na Taraba da Adamawa. Sai da na je Borneo na ƙudura cewa zan je Gashaka.

Rana ta uku muka juyo. Inda baƙin ruwa ya haɗu da mai launin kunu akwai layi a fili, kamar an ja da zare. Muna hango gidajen tsattsewar Kumai waya ta dawo da rai, na kira gida.

Inna ta ce, "Kin ga birin naki?"

Na ba ta labarin reshen da aka yi lema da shi, da gadar da uwar ta yi da jikinta, da tsakin. Da na zo kan shekara takwas sai ta ce in sake faɗa. Na sake.

Ta ce, "Ikon Allah. To wa ke kama mata?"

Na ce, "Babu kowa, Inna. Ita kaɗai."

Ta yi shiru. Ina jin kukan awaki a tsakar gida da ƙarar turmi daga maƙwabta. Can ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah." Sannan ta ce, "Ungo 'yarki, tun ɗazu take jan zanina."